Tambaya da Amsa: Agogon da na ɗora a fuskar waya ya ƙi tafiya daidai

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon sun taru a kan abu ɗaya kamar an haɗa baki, wato ɗan agogon nan da ake ɗorawa a fuskar waya ko a cikin manhaja, wanda masu harkar ke ce wa wijet. Wasu masu haɗa manhaja ne, wasu kuma masu amfani da waya ne kawai da abin ya dame su, na zaɓo guda shida.

Tambaya: Salam Malam ina wuni ya aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya ina aji uku ɓangaren kwamfuta, na haɗa wa islamiyyar unguwarmu wata 'yar manhaja ta Android tana nuna jadawalin karatu da malamin da zai shiga aji, sai na ce bari in ƙara mata wijet na agogo a fuskar waya don ta yi kyau, to wallahi lokacin da nake gwadawa lafiya lau yake tafiya amma da na sa a wayar shugaban makarantar sai ya dinga tsayawa, ƙarfe huɗu ta yi shi yana nan a uku da rabi sai an buɗe manhajar sannan ya farka. Na sa updatePeriodMillis, wato tazarar sabunta wijet ɗin, a 1000 don ya dinga sabuntawa duk sakan amma ko gezau. Dan Allah a taimaka min, malam ya fara min kallon wanda bai san aikinsa ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya taɓa haɗa wijet na agogo sai da ya faɗa wannan ramin. Wannan 1000 ɗin da ka rubuta Android ba ta ma kallonta, ƙa'idarsu ita ce ba za a tashi wijet ta wannan hanyar fiye da sau ɗaya a minti 30 ba, ko ka rubuta 1 ko ka rubuta 1000 duk ɗaya ne, shi ya sa kake ganin uku da rabi alhali huɗu ta yi, rabin awar nan ce cif. Kuma da gangan suka yi haka saboda batir, ka ƙaddara kowace manhaja a waya tana tashi duk sakan, ai kafin azahar wayar ta mutu.

Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne wijet ba manhajarka ce ke riƙe da shi ba. Fuskar waya tana da nata mai gida, wata manhaja ce daban da ake kira lanca, kai dai kana miƙa mata abin da kake so ta nuna ne ita kuma ta manna. Kamar ka rubuta sanarwa ka ba ladan ya liƙa a allon masallaci, kana tafiya takardar tana nan yadda ka barta, ba za ta canza kanta ba sai ka dawo da wata. To kai abin da ka yi shi ne ka rubuta "3:30" a takarda ka liƙa, kana jiran a baka izinin dawowa. Mafita ita ce maimakon takarda ka ba ladan agogon bango ya rataye, ya ci gaba da tafiya ko kana nan ko ba ka nan. Wannan agogon bangon sunansa TextClock, yana cikin Android tun siga ta 4.2 da ta fito a 2012, kuma yana cikin 'yan abubuwan da aka yarda a saka a wijet. Cire TextView ɗin da kake rubuta lokaci a ciki, ka sa TextClock a gurbinsa, shike nan, ko layi ɗaya na kod ba ka buƙata don ya motsa, lanca ce za ta dinga juya shi ko da an kashe manhajarka gaba ɗaya.

Sai ka kula da format12Hour da format24Hour, wato yadda za a nuna lokaci a tsarin awa 12 da na awa 24, ka cike duka biyun don wayar ta zaɓi wanda mai ita ya saita. Kuma a nan akwai wani tarko ƙarami da ke ba mutane kunya, ƙaramin mm minti ne, babban MM wata ne, in ka rubuta HH:MM a watan Maris agogonka zai wuni yana nuna wani abu da minti 03, ka yi ta neman matsala a inda babu ita.

Na san za ka ci karo da masu cewa ka yi amfani da WorkManager, mai tsara aikin da manhaja za ta dinga yi lokaci-lokaci, ko ka bar wani ɓangaren manhajar da ake kira sabis yana gudana a bayan fage. Kada ka bi. WorkManager mafi ƙarancin tazararsa minti 15 ce kuma ba ya alƙawarin zuwa a kan lokaci, sannan tun Android 6 ta 2015 akwai tsarin Doze da ke sa waya barci in an ajiye ta, ga kuma irin wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, da yawansu suna da nasu mai tsaron batir da ke kashe duk abin da ya gani yana motsi a baya ba sani ba sabo. In kuma kana so ka nuna saura minti kaza a shiga aji, akwai Chronometer mai ƙirga lokaci, shi ma ana saka shi a wijet kuma tun Android 7 yana iya ƙirga ta baya. Jadawalin karatun kuwa, wannan ka bar shi a sabuntawar minti 30 ɗin ko ka saita ƙararrawa daidai lokacin da darasi zai canza, ya wadatar.

Abin da ya sa na daɗe a kan tambayarka, na ga illar abin da idona. Wani azumi na sa wa mahaifiyarmu wata manhaja mai agogo da lokutan sallah a fuskar wayarta saboda lambobin manya ne tana iya gani ba sai ta nemo tabarau ba. Wata rana da asuba ta farka ta duba ta ga huɗu saura, ta ce da sauran lokaci ta ɗan ƙara kishingiɗa, ashe agogon ya daskare tun ɗazu, kiran assalatu ne ya tashe ta, ranar da ruwa kofi ɗaya da dabino uku ta ɗauki azumi ga ta da shekaru. Da na zo da hantsi ta miƙo min wayar ta ce cire min wannan abin, na gwammace agogon bango. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mutum in ya ga lokaci a rubuce yarda yake yi, ba ya tsayawa bincike, don haka kafin ka mayar wa shugaban makarantarku, ka ajiye wayar a kan tebur ta kwana ba caji ba taɓawa, da safe ka kunna fuskar ka haɗa wijet ɗinka da ƙaramin agogon da ke can sama kusa da alamar batir, in sun zo ɗaya to ka gama.

Tambaya: Yaya barka da warhaka, ni Flutter nake koyo, wato wani tsarin haɗa manhaja, kuma a cikin manhajar nake son agogon ba a fuskar waya ba, na yi Timer da ke ƙara sakan ɗaya ɗaya, yana tafiya amma in aka jima sai in ga ya bambanta da na wayar, kuma lambobin suna ta rawa duk sanda suka canza. Daga wata ƙanwarka a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Matsalarki ta farko ita ce kin sa manhajar tana ƙirga lokaci da kanta. Timer ba ya zuwa cif a kan sakan, wani lokacin ya makara kaɗan in wayar na fama da wani aiki, in kuma mutum ya fita daga manhajar ya shiga WhatsApp ana iya dakatar da shi gaba ɗaya, ke kuma kina ta ƙara ɗaya a kan ɗaya ba ki san an yi tsalle ba. Ki bar Timer ɗin a matsayin mai taɓa ki kawai, duk sanda ya taɓa ki sai ki tambayi wayar da DateTime.now() ki nuna abin da ta ce. Haka in an dawo cikin manhajar daga waje, ki sake tambaya nan take kar ki jira bugu na gaba.

In ba kya nuna sakan, to ba sai kin sabunta duk sakan ba, amma ki lura da wannan, in aka buɗe manhajar a 10:15 da sakan 40 kika sa Timer na sakan 60, agogonki zai dinga canza minti a makare da sakan 40 har abada. Sai ki lissafa sakan nawa suka rage minti ya cika, ki jira wannan, daga nan ki ɗora. Kuma kar ki manta ki kashe Timer ɗin a dispose, wato wajen da ke aiki in an rufe shafin, in ba haka ba an bar shafin shi yana can yana ta aiki.

Rawar lambobin kuwa daga salon rubutun ne, a yawancin salo lamba 1 ta fi 8 siranta, to duk sanda suka canza faɗin rubutun sai ya canza. Ki sa FontFeature.tabularFigures() a TextStyle ɗinki, duk lambobin za su zama faɗi ɗaya su nutsu, muddin salon da kika zaɓa yana da wannan tsarin. Wani abu kuma tunda na ga kina sabuwa, a Flutter komai wijet ake ce masa, har maɓalli har rubutu, to wannan daban yake da wijet na fuskar waya. Ranar da kika so na fuskar waya dole sai kin taɓa ɓangaren Android ɗin kansa, akwai home_widget da ke taimakawa wajen miƙa bayanai amma zanen sai an yi shi can, sai ki koma amsar da na ba ɗan'uwanki na Zariya.

Tambaya: Malam ni ba ruwana da haɗa manhaja, 'yar kasuwa ce ina saro atamfa da mayafai, ina da mai turo min kaya a Guangzhou, maigidana yana aiki a Jidda, ɗana kuma yana karatu a Ingila. Kullum sai na kira mutum yana barci. An ce akwai yadda zan sa agogonsu duka a fuskar waya, kuma wani yaro ya sa min na Landan amma bayan wata biyu ya zama ba daidai ba.

Amsa: Hajiya barka da kasuwa, Allah ya ƙara albarka. Ba sai kin sauke komai ba, wayarki ta zo da shi. Ki buɗe manhajar agogo ta wayar, ki nemi wajen agogon duniya, galibi da alamar ƙwallon duniya, ki ƙara garuruwan da sunansu. Sannan ki dawo fuskar waya ki danna wajen da babu komai ki riƙe, zai kawo miki jerin wijet, ki zaɓi na agogo mai nuna garuruwa ki ja shi inda kike so. In iPhone ce, tun iOS 14 ta 2020 ake iya haka, kuma nasu yana ɗaukar gari huɗu a lokaci ɗaya.

Don ki riƙe a ka, Jidda da Makka suna gaban Kano da awa 2, Dubai awa 3, Guangzhou awa 7, wato in kin idar da sallar asuba wajen shida su can ƙarfe ɗaya ta rana ce, in kika bari sai bayan azahar ɗinmu kuwa sun tashi daga kasuwa, don haka cinikin Chana da safe ake yinsa. Waɗannan ukun ba sa canzawa duk shekara. Landan ce mai rikici, su suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, to daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya. Ina kyautata zaton yaron da ya sa miki ya yi amfani da irin manhajar da ake rubuta bambancin awa da hannu ne, shi ya sa da suka juya nasu naki ya tsaya. In kika zaɓi garin da sunansa wayar ce za ta dinga juyawa da kanta.

Masu haɗa manhaja ku ma ku ji wannan da kyau, kada ku taɓa rubuta "a ƙara awa 2" a cikin kod, ku yi amfani da sunan yankin, Africa/Lagos, Africa/Niamey, Asia/Riyadh, Europe/London, TextClock ma yana da wajen timeZone da ake saka wannan sunan. Gwamnatoci suna canza lokaci in sun ga dama, Sudan ta koma baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017, Masar ta dawo da canjin lokacin bazara a 2023, Maroko kuma ta sha jan agogonta baya da awa ɗaya a azumi ta mayar bayan sallah. Akwai kundin da ke bin diddigin duk wannan kuma wayoyi suna samun sabuntawarsa, wanda ya rubuta lamba da hannu shi kaɗai za a bari a baya. Kuma ba kowane bambanci ne cikakkiyar awa ba, Indiya da mutanenmu ke yawan zuwa asibiti da karatu tana gabanmu da awa 4 da rabi.

Tambaya: Malam gaskiya ne wijet na agogo yana shan batir? Abokina ya ce in cire.

Amsa: Wanda ya zo da wayar ba ya shan wani abin a zo a gani, in fuskar waya a kashe take ma ba abin da yake yi. Waɗanda ake saukewa masu walƙiya da furanni da talla a ƙasa su ne abin tsoro, da yawansu suna barin kansu a kunne dare da rana kuma suna jan data don kawo tallar. Ka duba izinin da ya nema, agogo ba shi da haɗi da lambobin mutanenka ko hotunanka ko saƙonninka, in ya nemi waɗannan ka goge shi yau ɗin nan. Izinin sanin inda kake kaɗai ke da hujja, shi ma sai in yana nuna yanayin gari ko lokutan sallah.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, mu matasan wani masallaci ne a Maiduguri muna so mu yi manhaja mai wijet da zai nuna agogo, kwanan watan Musulunci da lokacin sallah mai zuwa, kuma muna so komai ya fito da Hausa. Mun gwada amma kwanan watan yana saɓawa da wanda aka sanar, la'asar kuma tana zuwa a makare sosai, sannan wani dattijo ya yi mana faɗa wai mun rubuta ƙarfe 2 na safe. Mene ne shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya saka muku da alheri, wannan aikin ina sonsa har raina kuma ina roƙonku ku yi shi a tsanake don abin da ya shafi ibadar mutane ne. Bari in fara da dattijon, yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Bature ya raba yini gida biyu ne kawai, mu kuwa ba haka muke magana ba, ba Bahaushen da zai ce ƙarfe 2 na safe, ƙarfe biyun dare ne, haka ƙarfe ɗaya bayan azahar ta kusa ba yamma ba ce rana ce. Kun ɗauki AM kun ce safe, PM kun ce yamma, shi ya jawo. Ku rubuta naku rabon, dare da asuba da safe da rana da yamma, ku zauna da irin wannan dattijon ku tambaye shi daga ƙarfe nawa zuwa nawa yake kiran kowanne, zai gaya muku ba tare da ya yi tunani ba. A wijet ɗin sai ku bar TextClock ya riƙe lambobin, kalmar "na rana" ko "na dare" ku sa ta a gefe a matsayin rubutu daban tunda sau kaɗan take canzawa a yini. Kuma ku gwada salon rubutun da kuka zaɓa ku ga yana da ƙ da ɗ da ɓ, don kalmar ƙarfe kanta da ƙ ta fara, na sha ganin manhaja mai kyau amma an rubuta ɗan akwati sannan "arfe". Noto Sans tana da su duka. Ku bar wa sunayen ranaku wuri isasshe, Alhamis da Litinin sun fi Talata cin wuri, kar a yanke su a ƙaramar waya.

La'asar da ke makara kuwa, ku duba saitin lissafin da kuka ɗauko. Akwai hanya biyu, ta Hanafiyya da ke jiran inuwar abu ta ninka tsawonsa sau biyu, da ta sauran mazhabobi har da Malikiyya da muke bi wadda take shiga in inuwar ta kai tsawon abin sau ɗaya bayan inuwar zawali. Da alama naku yana kan Hanafiyya, ku canza. Asuba da isha'i ma suna da nasu, ana lissafa su da nisan da rana ta yi a ƙasa da sararin da ido ke gani, tsarin Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, yana amfani da digiri 18 a asuba, na Masar 19.5, na Ummul Ƙura 18.5 kuma shi isha'insa minti 90 ne bayan magariba in ba a watan azumi ba, wannan bambancin yana iya kai mintuna da dama kuma a azumi mintunan nan su ne komai. Kar ku zaɓa da ka, ku kai wa limaminku ku haɗa da jadawalin da masallacin ke bi na tsawon makonni ku ga wanne ya fi dacewa.

Kuma tunda manhaja ba ta da iyaka, gobe wani a Sakkwato zai sauke ta, to ku sani duk da agogon Najeriya ɗaya ne rana ba ɗaya ba ce. Kowane digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma minti 4 ne, tsakaninku da Sakkwato kusan digiri 8, wato kuna shan ruwa su da sauran wajen rabin awa. In kuka liƙa lokutan Maiduguri a cikin manhajar wani ya sha ruwa da su a can, kun ga abin da aka jawo. Dole sunan garin ya fito ɓaro-ɓaro a kan wijet ɗin kusa da lokacin, ko da kuwa zai rage kyan zanen. Sannan ku bambanta shigar lokaci da lokacin da ake tayar da sallah a masallacinku, ku rubuta kowanne da sunansa.

Kwanan wata kuma, abin da ke cikin waya lissafi ne, galibi na kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, mu kuma a Najeriya ganin wata ake bi kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanarwa, a Nijar ma nasu hukumomin ke sanar da nasu, shi ya sa ake samun saɓanin kwana ɗaya wani lokacin. Ba kod ɗin da zai hango muku wannan. Ku sa wajen da mutum zai ƙara ko ya rage kwana ɗaya ko biyu da hannunsa, in kuna da hali kuma ku dinga turo gyaran daga wajenku duk farkon wata bayan an yi sanarwa. Ku kuma yanke shawara a kan yaushe kwanan zai juya, don a lissafin Musulunci da faɗuwar rana sabon kwana ke shiga, wayar kuma sai sha biyun dare take juyawa, ni dai da ni ne da magariba zan juya shi saboda daren Juma'a da dararen goman ƙarshe su zo daidai da yadda mutane ke faɗa.

In za ku sa kiran sallah, ku sani tun Android 12 ƙararrawa mai zuwa cif a kan lokaci sai da izini na musamman, a Android 14 ma yawancin sababbin manhajoji ba a ba su shi kai tsaye sai mai wayar ya kunna, don haka ku yi shafi da Hausa mai sauƙi da zai nuna wa mutum inda zai danna. Ranar da kuka waiwayi iPhone kuma ku shirya, can ma Apple ƙayyade sabunta wijet take yi, kamar sau 40 zuwa 70 a yini ga wanda ake yawan kallo, sai dai ku shirya jerin lokutan yinin gaba ɗaya ku miƙa mata tun da wuri ita ta dinga canzawa.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni direba ne ina ɗaukar kaya daga Legas zuwa Akara wani lokacin har Kumasi, agogon fuskar wayata in na shiga Gana sai ya rikice, wani sa'in WhatsApp ma ya ƙi buɗewa ya ce kwanan wata ba daidai ba. Yarona ya gyara da hannu amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Amsa: Direba sannu da hanya, Allah ya tsare. Gyaran hannun nan shi ne ciwon. Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, kana tsallaka iyaka ka shiga Togo an koma baya da awa ɗaya, Gana ma haka, wato in Legas tana ƙarfe 8 Akara tana 7. Abin da yaronka ya yi, ina zato, ya ja awar baya ne da hannu ya bar yankin lokacin a Najeriya, to a ido agogon ya yi daidai amma a cikin wayar ta yi kuskuren awa guda cur, manhajojin da ke gwada lokacinsu da na intanet kuma ba sa yarda da haka, shi ya sa WhatsApp ke ƙorafi, wani lokacin har manhajar banki ta ƙi shiga, musamman in garin gyaran an taɓa kwanan wata ko shekara ba a lura ba.

Ka shiga saitin waya, wajen kwanan wata da lokaci, za ka ga maɓalli biyu, ɗaya na lokaci ya saita kansa ɗaya na yankin lokaci ya saita kansa, ka kunna duka biyun. In ka tsallaka iyaka layinka ya kama sabis ɗin can wayar za ta juya da kanta, in ta yi nauyi ka kashe ta ka kunna. In kuma layinka ba ya kama sabis a can kwata-kwata, to ka bar na lokacin a kunne, ka kashe na yankin kaɗai ka zaɓi Akara da hannu, in ka dawo ka mayar Legas, amma lambobin awa da minti kar wanda ya sake taɓa su. Sannan ka sa wijet mai agogo biyu kamar yadda na gaya wa Hajiya a sama, ɗaya Akara ɗaya Legas, don in mai kaya ya ce maka ƙarfe tara ka tambaye shi taran ina.